Yadda ake zaɓen waya da tsara launinta a jirgin ruwa

Wani yammaci a bakin ruwan Yawuri, wani dattijo mai jirgin ɗaukar kaya ya kira ni in duba masa famfon kwashe ruwa. Sabo ne fil, ko wata bai yi ba, amma in an kunna shi sai ya riƙa kuka kamar sauro, ruwan da yake fitarwa kuma bai fi na butar alwala ba. "Ɗana, jabu suka sayar mini," in ji shi. Na ɗora mitar auna wuta a kan batir, ta nuna bolt 12.6. Na kai ta bakin famfon yana aiki, ta nuna 9 da ɗan abin da ba a rasa ba. Na yanki wayar na ɓare robarta, sai ga ƙarfen ciki baƙi ƙirin kamar gawayi. Na ƙara yanka taƙi guda, baƙi. Na yanki kamu guda, har yanzu baƙi. Na ce, "Baba, famfonka lafiyarsa ƙalau, yunwa yake ji."

Wayar gida ce 'yar siririya aka ja masa tun daga bayan jirgi, danshi ya bi ta cikin robar ya cinye ta. Irin wannan aiki shi ya fi yawa a jiragenmu, domin wanda ake kira ya haɗa wutar galibi mai wayarin gida ne ko na mota, kuma jirgin ruwa ba gida ba ne, ba mota ba ce. Abu uku suka raba su: danshi da ba ya ƙarewa, jijjigar inji da dukan igiyar ruwa dare da rana, sai ƙarancin ƙarfin wutar kanta. A gida, inda ake da bolt 230, in bolt ɗaya ya ɓace a hanya ba wanda zai sani. A jirgi mai batir na bolt 12, wannan bolt ɗayan ya fi kashi 8 cikin 100 na duk abin da kake da shi.

Ƙa'idojin da zan riƙa ambata guda biyu ne. Akwai ta ABYC, ƙungiyar Amurka mai tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa tun 1954, kuma sashenta na wuta shi ne E-11. Akwai kuma ISO 13297 da Turai ke bi. Ba wanda zai zo Baro ko Gaya ya tambaye ka takardarsu, amma abin da ke cikinsu daga gobara da nutsewar jirage aka koyo shi.

Fara da takarda, kafin ka je kasuwa

Zana jirginka daga sama, ko da zanen bai yi kyau ba. Sa alamar inda batir yake, inda allon makunnai zai zauna, da duk abin da ke cin wuta: fitilun hanya, wato ja a hagu, kore a dama, fara a baya, sai babbar fitilar haska gaba, famfo, oda, rediyo, wurin cajin wayar hannu, fitilun cikin rumfa. A gaban kowanne rubuta amfiya nawa yake ja, wato yawan wutar da yake ci. In wat aka rubuta a jikinsa, raba shi da 12. Fitila mai wat 60 tana jan amfiya 5 ke nan.

Sannan ka ɗauki igiya ka bi da ita ainihin hanyar da wayar za ta bi, da duk kwana da hawa da sauka, ka auna ta. Kada ka auna da ido daga nan zuwa can. Abin da ka samu ka ninka shi biyu, domin wuta zuwa take yi ta dawo, kuma a duka tafiyar biyu take asara. Nan ne mafi yawan masu lissafi ke faɗuwa.

Irin wayar da za ka nema

Ta farko da za ka kawar da kai daga gare ta ita ce wayar gida mai ƙarfe guda ɗaya a ciki. Ɗauki guntunta ka lanƙwasa gaba da baya sau da yawa, za ka ji ta yi tauri sannan ta karye. Abin da jijjigar inji ke yi mata ke nan a hankali, kuma a cikin roba take karyewa inda ido ba ya gani, fitila ta riƙa kawowa tana ɗaukewa kana zargin aljanun ruwa. Wayar jirgi dole ta zama mai silli-silli da yawa, masu laushi kamar gashi.

Sillin kuma su zama jan ƙarfe zalla, wanda 'yan kasuwa ke kira kofa, an shafe kowane silli da kuza. Kuzar ce ke hana baƙin nan da na gani a jirgin Baba. Wayar da aka yi musamman don jirgi za ka ga an buga UL 1426 a jikin robarta, sau da yawa tare da BC-5W2, ma'ana tana jure zafi har digiri 105 a bushe, 75 a jiƙe, kuma in an rubuta tana jure mai to ta dace da kusa da inji. In jirginka a ruwan gishiri yake aiki, kamar gaɓar Legas, maganar kuza ba ta da sassauci ko kaɗan. A ruwan daɗi wayar da ba ta da kuza za ta ɗan daɗe, amma ƙarshenta ɗaya.

Ga yadda za ka kama jabu a shago, kuma abin da ban dariya domin gaskiya da ƙarya sun yi musayar riga. Ta ƙwarai mai kuza fara ce a ido kamar azurfa, in ka kankare silli ɗaya da wuƙa sai ja ya bayyana a ciki. Ta jabu ja ce a ido kamar kofa, in ka kankare sai fari ya fito, domin alminiyam ce aka yi wa fenti da jan ƙarfe. Ba ta da nauyi a hannu, in ka kai mata wutar ashana sillin zai lanƙwashe ya zube. Alminiyam kusan kashi 61 cikin 100 na wutar da kofa ke ɗauka yake iya ɗauka, a danshi kuma gari yake zama. Akwai wata ma da baƙin ƙarfe ne a cikinta, wannan maganaɗisu zai tona mata asiri. Ka tafi kasuwa da 'yar wuƙarka, kuma kada kunyar mai shago ta hana ka kankarewa.

In wayar jirgi ta gagara samuwa, wadda ta fi kusa da ita a kasuwanninmu ita ce wayar sola ta ƙwarai, mai lamba 4 ko 6. Kofa ce mai kuza, mai silli da yawa, robarta kuma an yi ta don rana da ruwan sama. Ni ina amfani da ita a dogayen layuka da ke fili, amma ba na barin ta kwance inda fetur ko baƙin mai ke taruwa sai a cikin bututu.

Kaurin waya

Lambar da ake kira a shago, 1.5, 2.5, 4, 6, 10, faɗin bakin ƙarfen ne a murabba'in milimita. Wayar Amurka kuma da AWG ake auna ta, inda lamba ke tafiya a juye: ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. AWG 16 ta yi daidai da 1.3, AWG 14 kusan 2, AWG 12 kusan 3.3, AWG 10 kusan 5.3, AWG 8 kusan 8.4. Wayar mota mai alamar SAE ta ɗan fi ta AWG sirantaka ko da lambarsu ɗaya ce.

Tambaya biyu ake yi wa kowace waya. Shin za ta ɗauki wutar ba tare da ta yi zafi ba? Shin za ta kai wutar inda za ta je ba tare da ta zubar da ita a hanya ba? Mai wayarin gida tambayar farko kawai ya saba da ita. A jirgi ta biyun ce ke yanke hukunci kusan kullum.

Ƙa'ida ta ce abubuwan da rai ya rataya a kansu, wato fitilun hanya, famfon kwashe ruwa, rediyo da na'urori, da babbar wayar da ke ciyar da allon makunnai, kada asararsu ta wuce kashi 3 cikin 100. A bolt 12 wannan shi ne 0.36. Sauran, kamar fitilar rumfa, an yarda har kashi 10, wato bolt 1.2. Lissafin kuma ba shi da wuya, kalkuletar wayarka ta isa: ka ninka 0.018, lambar da ke nuna yadda kofa ke rage wuta a hanya, da amfiya, ka ninka da tsawon zuwa da dawowa a mita, sannan ka raba da asarar da aka yarda. Abin da ya fito shi ne kaurin waya, sai ka ɗauki lambar shago da ke sama da shi, ba ta ƙasa ba.

Mu gwada. Fitilar haska gaba mai amfiya 5, mita 8 daga batir. Zuwa da dawowa 16. Ninka 0.018 da 5 da 16, ka sami 1.44. Raba da 0.36, ya ba ka 4. Waya mai lamba 4 ke nan, don fitila ƙwaya ɗaya. Na san za ka ce ta yi yawa, tunda ko 1.5 ba za ta yi ɗumi da amfiya 5 ba. Gaskiya ne ba za ta yi ɗumi ba, amma za ta zubar da kusan bolt guda a hanya, fitilar ta yi ja-ja a daren da kake neman kututture a cikin ruwa.

Famfo mai amfiya 8, mita 3 daga batir: 0.018 sau 8 sau 6, a raba da 0.36, ya ba da 2.4, sai ka sayi 2.5. Da za ka matsar da wannan famfon mita 6 daga batir, sai lissafi ya kai 4.8, ka koma lamba 6. Famfo ɗaya, amfiya ɗaya, nisa kawai ya canja. Na Baba sabuwar waya mai lamba 4 muka ja masa, muka kuma rage mata zagaye. Da muka kunna, ruwan ya yi tsalle ya jiƙa yaron da ke tsaye a gefen jirgi, Baba ya yi dariya ya janye zagin da ya yi wa mai shago.

Fitilar rumfa ta LED mai amfiya 1 lissafinta zai ba ka wani ɗan mitsitsin abu. Kada ka bi shi. ABYC ba ta yarda a sauka ƙasa da AWG 16 ba a wayar da ke tafiya ita kaɗai, saboda siririyar waya tsinkewa take yi. A kasuwarmu ka riƙe 1.5 a matsayin mafi ƙanƙanta.

Babbar wayar da ke tashi daga batir zuwa allo kuwa, haɗa amfiyar duk abin da zai iya aiki lokaci guda ka yi mata lissafi, sannan ka hau mataki ɗaya sama. In lissafi ya ce 6, sa 10, domin duk abin da ta zubar, kowane reshe da ke bayanta ya yi asararsa tun kafin ya fara tasa tafiyar.

Zafi yana yin magana a gajerun wayoyi masu ɗaukar wuta da yawa. Inbata mai wat 1000 tana iya jan kusan amfiya 100 daga batir na bolt 12, ni ba na sa mata ƙasa da lamba 25 ko da tana gefen batir. Ga ma'auni daga teburin ABYC don waya mai jure digiri 105 da ke tafiya ita kaɗai: AWG 16 amfiya 25, AWG 14 amfiya 35, AWG 12 amfiya 45, AWG 10 amfiya 60. A ɗakin inji ana rage kashi 15 cikin 100, in an ɗaure wayoyi da yawa a dami ɗaya a ƙara ragewa. Wayar roba ta yau da kullum mai jure digiri 70 ba ta kai waɗannan lambobi ba, kada ka ɗora mata su.

Launi, inda rikicin yake

Launin waya magana ce da kake bar wa wanda zai buɗe allon bayanka, kuma sau da yawa wannan mutumin kai ne, da tocila a baki, jirgi yana shan ruwa. Matsalarmu a nan ita ce harsuna uku ne ke haɗuwa a jirgi ɗaya, kowanne da ma'anar da yake ba launi guda.

Ga harshen ABYC na wutar batir. Ja ita ce fositif, wato ɓangaren batir mai alamar +. Negatif, mai alamar −, rawaya ce ko baƙa, amma an fi son rawaya. Kore, ko kore mai ratsin rawaya, ita ce wayar at (earth), ta kariya, da ke haɗa ƙarafan jirgi, kuma ba ta ɗaukar wutar aiki ko kaɗan. Dalilin fifita rawaya shi ne a wutar gida ta Amurka baƙar waya ita ce mai rai. Mutum ya buɗe allo ya ga baƙa, ya ɗauka negatif ce ta batir da ba ta cizo, ashe bolt 120 ne. Sai aka ce a raba su da launi.

Daga nan kowane aiki da launin wayar da ke kai masa wuta:

Ruwan ƙasa: famfuna, da fitilar cajin altaneta.
Ruwan ƙasa mai ratsin rawaya: fankar fitar da tururin fetur daga ɗakin inji.
Ruwan toka mai duhu: fitilun hanya, da agogon juyin inji.
Shuɗi mai duhu: fitilun rumfa da na agoguna.
Shuɗi mai haske: agogon ƙarfin baƙin mai.
Launin yashi, wato ruwan ƙasa mai haske: agogon zafin inji.
Ruwan hoda: agogon tankin mai.
Shunayya: wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli.
Ruwan lemo: wutar da ke ciyar da ƙananan kaya daga allo.
Rawaya mai ratsin ja: daga makulli zuwa kik.
Shuɗi mai ratsi yana ɗaga injin baya, wato wanda ake ratayawa a bayan jirgi, kore mai ratsin da ba rawaya ba yana sauke shi. Ka tuna da sama da ciyawa, ba za ka manta ba.

Harshe na biyu shi ne na injin kansa. Masu ƙera injin baya kowa da tsarinsa, kuma Yamaha, wanda ya cika ruwayenmu daga Lakwaja har Baga, a damin wayoyinsa baƙa ce negatif, ja wutar batir, ruwan ƙasa ta kik, fara ta kashe inji, rawaya kuma wuta ce mai rai da ke zuwa in an murɗa makulli. Ka sake karanta wannan. Rawayar da ABYC ta ce negatif ce, a wajen Yamaha fositif ce. Wanda ya haɗa rawayar allo da rawayar inji don launinsu ɗaya, in ya yi sa'a fiyus ne zai tashi. Don haka damin da ya zo da inji ba a taɓa tsarinsa, littafin injin ake bi, tsarinka kuma ya fara daga batir zuwa gaba.

Harshe na uku shi ne na wutar gida, ga jirgin da ke da inbata ko janareto. Tsohon tsarin Ingila, wanda har yau shi ya fi yawa a gidajenmu, ja ce mai rai, baƙa ce nutural, kore at. Ingila kanta ta bar shi tsakanin 2004 da 2006 ta koma ruwan ƙasa mai rai, shuɗi nutural, kore da rawaya at, kamar sauran Turai. Duba abin da ke faruwa in mai wayarin gida ya shigo jirgi da ja da baƙarsa: yanzu kana da ja da baƙa masu bolt 12, da ja da baƙa masu bolt 230, a allo ɗaya. Wannan tarko ne na kisa, kuma na ga irinsa fiye da sau ɗaya.

To me za ka yi? Ga abin da nake yi. In jirgi batir kawai yake da shi, babu inbata babu janareto, ja da baƙa sun wadatar, kuma sun dace da injin. In akwai bolt 230, ba na barin wayar gida ja da baƙa ta shigo jirgin sam. Ina amfani da kebul mai laushi mai waya uku a riga ɗaya, ruwan ƙasa da shuɗi da kore-rawaya, ya bi hanyarsa daban, da akwatinsa daban mai murfi da rubutun gargaɗi. A irin wannan jirgi kuma ina guje wa sakin wayar batir mai ruwan ƙasa, fara ko shuɗi mai haske kusa da shi, kamar yadda ƙa'idar ISO ta ba da shawara, tunda waɗannan launuka sun riga sun sami wata ma'ana. A bakin inbata ko janareto kuma a sa na'urar nan mai yanke wuta in ta zurare, RCD mai miliamfiya 30. Kada ka raina wannan don ruwanmu ba na gishiri ba ne. A ruwan daɗi haɗarin ya fi girma, domin jikin mutum ya fi ruwan saurin ɗaukar wuta, sai ta bi ta jikin mai iyo ta sandarar da shi ya nutse. Neja, Binuwai, Kainji da Tafkin Chadi duk ruwan daɗi ne, kuma yara ba sa rabuwa da gindin jirage.

Na san launi goma sha ba za su samu a shago ɗaya ba, kuma ba wanda zai sayi nadi guda na ruwan hoda saboda mita uku. Mafita ita ce ka sayi ja da baƙa, ko ja da rawaya, sannan ka yi wa kowace waya alama a bakinta biyu da zoben robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, mai launin aikinta, tare da lamba. Famfo ya zama lamba 1 a bakin allo da bakin famfo, fitilar hanya lamba 2, haka har ƙarshe. Rubuta da alƙalamin da ba ya gogewa a kan farar roba, ka rufe da mai garai-garai ka gasa. Salatif na takarda damina ɗaya zai yi ya faɗi, baƙin tef kuma zafi na narkar da gam ɗinsa ya warware. Abu ɗaya da ba a yi: kore ko kore-rawaya ba a mayar da ita wayar wuta ko da an naɗe bakinta da wani launi.

Fiyus

Fiyus waya yake tsaro. Batir ɗin jirgi yana iya sakin ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido in ja ta taɓa baƙa, wayar ta zama garwashi daga wannan baki zuwa wancan, a jirgin katako mai jarkokin fetur. Saboda haka fiyus yana zama a farkon waya, kusa da tushen wuta. ABYC ta ce cikin inci 7, kusan santimita 18. In wayar a kan batir take kai tsaye kuma tana cikin riga ko bututu, an yarda har inci 72, kusan mita 1.8. Wayar kik kuwa an ɗauke mata wannan doka.

Girman fiyus kada ya wuce abin da wayar ke iya ɗauka, kuma duk inda waya ta sauka daga mai kauri zuwa siririya a sa sabon fiyus daidai da siririyar. Ga famfo da duk abin da ke da mota a ciki, sa girman da mai ƙera shi ya rubuta. In leda ta shaƙe famfo ya tsaya cak, fiyus ɗin da ya yi masa girma ba zai tashi ba, famfon zai yi ta zafi har ya narke. Mai sa silli na waya ko takardar sigari a gurbin fiyus kuwa, Allah ya shirye shi.

Sa babban makunni mai yanke batir gaba ɗaya a wurin da hannu ke kaiwa da sauri. Famfon da ke tashi da kansa in ruwa ya taru shi kaɗai ake haɗawa tsakanin batir da wannan makunni, da fiyus nasa, don ya yi aiki ko kana gida kana barci.

Haɗi da shimfiɗa

Kafin ka taɓa komai cire kan negatif na batir, shi ne farkon cirewa kuma ƙarshen mayarwa. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da tef ba haɗi ba ne a jirgi. Ana sa wa bakin waya kan zobe mai kuza, a matse shi da filayar matsi ta ainihi, irin wadda ba ta sakewa sai ta kai ƙarshe, sannan a rufe da roba mai tsukewa wadda ke da gam a ciki, a gasa har gam ɗin ya ɗan leƙo. Su ma kawunan launinsu magana ce: ja na waya 0.5 zuwa 1.5, shuɗi na 1.5 zuwa 2.5, rawaya na 4 zuwa 6. Bayan ka matse, ja shi da ƙarfi. Gara ya fita a hannunka yanzu.

Dalma ita kaɗai ba a yarda ta riƙe haɗi ba. Tana bin sillin ta mayar da su sanda guda, ka koma matsalar wayar gida, kuma in haɗin ya yi zafi narkewa take yi wayar ta sulale.

Kada ka tara fiye da kai huɗu a noti ɗaya, mafi kauri a ƙasa. Duk negatif su taru a sandar haɗi guda, daga nan waya ɗaya mai kauri daidai da babbar ja ta koma batir. A jirgin ƙarfe ko na alminiyam kada ka yi dabarar mota ta mayar da jiki hanyar dawowar wuta, domin wutar da ke yawo a jikin jirgi cin ƙarfen take yi a ƙarƙashin ruwa. Kowane abu waya biyu, ta zuwa da ta dawowa.

Bi da wayoyi ta sama, nesa da inda ruwa ke kwanciya, nesa da salansa da bututun mai. Ɗaure su duk bayan inci 18, kusan santimita 45. Inda za su ratsa katako ko ƙarfe sa musu zoben roba ko guntun tiyo. A bakin kowace na'ura bar ɗan rara, ka sa wayar ta ɗan sauka ƙasa sannan ta hau ta shiga, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a gwiwar maimakon ya shige ciki. Batir kuma a ɗaure shi kada ya motsa, a rufe kan fositif da hular roba, a bar masa iska domin yana fitar da iskar haidirojin in yana caji.

Gwaji

Cire dukkan fiyus, kashe dukkan makunnai, sannan ka mayar da batir. Kafin ka haɗa kowace na'ura, ɗora mita a bakin wayarta ka tabbatar ja ita ce fositif, musamman in tsohon wayari ka gada. Launi abin da mai aikin farko ya yi niyya yake faɗa maka, mita kuma abin da ke cikin wayar yanzu.

Sa fiyus ɗaya-ɗaya, kana kunna abin da yake ciyarwa. Yayin da yake aiki, auna bolt a kan batir sannan a bakin na'urar. Ga famfo da fitilun hanya bambancin kada ya wuce wajen 0.4. In ya wuce alhali lissafinka daidai ne, akwai haɗin da bai matsu ba. Kunna komai ka bar shi minti goma sha biyar, sannan ka bi kowane haɗi da bayan yatsa, wanda ya yi ɗumi a sake shi. Daga ƙarshe kashe komai, cire kan negatif, sa mita a ma'aunin amfiya tsakanin kan da batir. In tana nuna wuta na tafiya, zare fiyus ɗaya-ɗaya har ta tsaya, layin da ya tsayar da ita shi ne mai yoyo.

Takardar da ka fara zanawa, sake ta da kyau: lambar kowace waya, launinta, kaurinta, girman fiyus ɗinta, da kwanan wata. A samanta rubuta da manyan baƙaƙe wane launi ne negatif a wannan jirgi, da cewa damin inji tsarinsa daban ne. Sa ta a leda mai kauri ka liƙa a cikin murfin allo, tare da fiyus biyu-biyu na kowane girma.